RANAR DA ANKA CIRE MINI ƘYAURE

 

Ni manomi ne, mutumin ƙasar Mayahi. Tun shekara ta 2005 rabin zamana yana ƙauye, rabi yana Maraɗi. Na yi shekara 9 cikin gidan haya. Yanzu kuma ina da ɗaki 3 da na ba haya. Na zama ɗan haya, na zama mai gida, kowane na ɗanɗana. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin abin da ya same ni a kan kuɗin haya in sun makara. Da yawa cikinmu, in an gama kaka, birni muke nufa cin rani. Wanda bai tafi ba, ɗansa ya tafi, ko ƙanensa. Kowa kuwa sai ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa.

Yadda na shiga ɗakin

Kun tuna shekara ta 2004. Ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a gonaki. Ɗan hatsin da na samu bai kai mu wata 3 ba. Da na ga rumbu ya kai ƙasa, sai na saida akuya 2. Na ɗauki matata da ɗiyanmu 2, munka shiga mota sai Maraɗi. Wannan a farkon 2005 ne.

Wani mutumin garinmu ya kai ni wani gida mai ɗaki 4. Ban ga mai gidan ba. Wakili na gani, shi ke karɓar kuɗi. Ya ce ɗaki jika 5 ne a wata, wato 5.000 F, kuma ran 5 ga wata ake biya. Ya ce in ba da na wata 2 gaba, da jika 5 na ajiya, wanda ake ce ma kosiyon. Na ƙirga mishi jika 15 a zaure, gaban wani maƙwabci tela. Bai ba ni takarda ba, ni ma ban nema ba. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba.

Da zai tafi, sai ya juyo ya ce: "In ka makara akwai tara fa."

Na ce: "To, Allah ya kiyaye."

Ban tambaye shi tarar nawa ba ce. Ban tambaye shi daga wace rana take farawa ba. Murnar samun ɗaki ta rufe mini baki. Wannan shi ne kuskurena na fari.

Na kama sana'ar ga-ruwa. Da rani abin ya yi kyau. Kowane wata, kafin ran 5, kuɗinsa suna hannu. Amma da ruwan fari ya sauka, na koma gida na yi shuka, na bar ma ƙanena noma. Kwanakin nan duka ban samu ko dala ba. Da na komo, na iske kasuwar ruwa ta faɗi, don da damina kowa yana tarar na sama. Hatsi kuwa ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Ana haka ƙaramar ɗiyarmu ta kwanta. Zawo ya kama ta, ta rame, tamowa ta shige ta. Uwarta ta yi kwanaki da ita gidan likita. Abin da na samu duka, ciki da magani sunka cinye.

Ran 5 ga Yuli ta wuce ban biya ba. Ran 5 ga Agusta ma haka. Maimakon in je in faɗi halin da nake ciki, sai na shiga ɓuya. In fita tun asuba, in komo bayan lisha. In na hangi wakili a kan hanya, in sake lungu. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farin muni. Mai bin ka bashi, in bai gan ka ba, ba ya cewa ba ka da shi. Cewa yake ka raina shi.

Lissafin wakili

Farkon Satumba, wata rana da hantsi, ya ritsa ni a ɗaki. Ya zauna bakin ƙofa, ya yi mini lissafi. Ku biyo ni a hankali, ku ji yadda bashi ke haihuwa.

Ya ce tara dala 20 ce kowace rana, wato 100 F. Kuɗin Yuli sun makara kwana 60, tararsu jika 6. Kuɗin Agusta sun makara kwana 30, tararsu jika 3. Haya jika 10, tara jika 9. Duka jika 19.

Na ce: "Haba malam! Ashe kowane wata da tasa tarar? Ai ba ka gaya mini haka ba."

Ya ce: "Ka tambaya?"

Na ce to, a cire daga kuɗin ajiyata. Ya ce wace ajiya? Shi bai san da wata ajiya ba.

Ku duba da kyau. Dala 20 a rana, a baki ba wani abu ba ce. Kuɗin ƙosai ne. Amma a wata guda ta zama jika 3, fiye da rabin kuɗin ɗakin. Wanda ya kasa biyan jika 5, ta yaya zai biya jika 8? Irin wannan tara ba ta sa a biya. Rami take gina ma mutum, kullum yana ƙara zurfi.

Na ba shi haƙuri, na ce ya jira ni kaka, sauranta ƴan makonni. Bai ce komi ba, ya fita. Da la'asar ya komo da yaro guda da guduma. Sunka ɓalle ƙyauren ɗakina, sunka ɗora a kai, sunka yi gaba. Matata tana zaune da yarinya a cinya. Mutanen gida suna kallo.

Daren nan an yi ruwa da iska. Na rataya tabarma a ƙofa, iska ta fizge ta. Na tsaya da kaina bakin ƙofar, na riƙe tabarmar da hannu biyu, don kada feshi ya kai ga yarinya. Sauro kuwa ba a magana. Kwana 3 munka yi haka. Na sha yunwa a rayuwata, na sha rana. Amma ban taɓa jin kunya irin ta kwanakin nan ba.

Gaban mai unguwa

Telan nan maƙwabcina shi ya ce mini: "Zama bai gan ka ba. Tashi mu tafi wurin mai unguwa."

Mai unguwa ya saurare ni. Ya aika anka kira wakili. Ya ce kuma a ɗauko mai gidan da kanta. Nan na san ashe mace ce. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki marayu 5. Anka kira liman, anka shimfiɗa tabarmi.

Ni a zuciyata, mai gidan haya wani attajiri ne da bai san yunwa ba. Sai ga tsohuwa da zane ɗaya, tana dogara sanda. Da anka gaya mata abin da ya faru, ta ce ita ba ta taɓa jin maganar tara ba. Jika 5 take karɓa a kan kowane ɗaki, ko an makara ko ba a makara ba. Kuɗin ajiya ma ba su kai gare ta ba. Tela ya ba da shaida a gabansa na ƙirga jika 15. Wakili ya sunkuyar da kai.

Na ji daɗi, na ɗauka shari'a tawa ce. Sai tsohuwa ta juyo gare ni.

Ta ce: "Ɗana, kai kana da gona a ƙauye, ko ba haka ba?"

Na ce: "Haka ne, Inna."

Ta ce: "To ni ɗakunan nan su ne gonata. Ran 5 ga wata ita ce kakata. Wata 2 ke nan ɗakinka bai ba ni ko zangarniya ba. Marayun nan, tsadar hatsin da ta same ka ta same su. Da ka zo ka gaya mini ɗiyarka ba ta da lafiya, da na san yadda zan yi. Amma ka ɓuya."

Ban sami abin cewa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Ni ina kukan nawa, ban san nata ba.

Mai unguwa ya ce ma liman: "Allah gafarta malam, me littafi ya ce?"

Liman ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce haya halal ce, in an faɗi kuɗi an kuma yanka lokaci. Haka yake cikin Risala, littafin fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu. Ya ce ranar biya in ta wuce, kuɗin haya sun zama bashi a wuyan ɗan haya. Ƙari kuwa a kan bashi don an jinkirta, shi ne riba irin wadda anka hana. Saboda haka jika 9 ɗin nan ba su da wurin zama.

Ya ce kuma akwai masu jinkiri iri biyu, kada a haɗa su. Akwai wanda ba ya da shi. Wannan, Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara mishi har ya samu. Akwai kuma wanda yake da shi, yana ja da gangan. Wannan zalunci yake yi, kuma hadisi ya ambace shi da haka. Amma ko wanda ba ya da shi, saurarawa anka ce, bashin yana nan sai in mai shi ya yafe.

Daga ƙarshe ya ce: "Kun san ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani? Ayar bashi ce. Rubutawa ta ce a yi, a kafa shaidu. Da kun rubuta tun ranar fari, da ba mu zauna nan ba."

Mai unguwa ya yanke magana. A maida ƙyaure kafin magariba. Wakili ya fiddo jika 5 na ajiya ya ba tsohuwa ta riƙe. Babu tara. Ni kuma in ci gaba da biyan na kowane wata, in riƙa ɗora jika 2 har bashin jika 10 ya ƙare. Wani ɗan lakwal ya rubuta, na dangwala yatsa, tsohuwa ta dangwala, tela da liman sunka zama shaidu.

Wata 5 na yi na gama biya. Ɗiyata ta warke, yau ita ma uwa ce. Na zauna gidan tsohuwar nan har 2014. Daga ranar nan ban sake ɓuya ba. In na ga wata zai yi mini wuya, tun ran 1 nake zuwa in gaishe ta, in faɗi ranar da zan kawo. A ranin da ya biyo na shiga karatun manya, don na rantse ba zan sake ba da kuɗi ba sai da takarda.

Da ni ma na zama mai gida

Da kuɗin wake da kiwon ragunan Layya na sayi ɗan fili a bakin gari. Na gina namu, na ƙara ɗaki 3 na haya, kowane jika 10 a wata. Nan na gane maganar Inna. Da kuɗin nan nake sayen taki, da su nake biyan ƴan ƙwadago, da su nake yaɓe kafin damina. In sun makara, gonata ce ke makara.

A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Maraɗi ta ji a jikinta, don cinikinta da yawa ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya yake bi. A lokacin ina da ƴan haya biyu da sunka makara. Halinsu ya sha bamban.

Na fari yaron mota ne a kan wannan hanya. Aiki ya tsaya mishi cik. Tun kafin ran 5 ya yi sallama ya ce: "Baba, ka ga halin da ake ciki. Ba ni iya cika jika 10. Ina dako a kasuwa, zan iya kawo 5." Munka rubuta: zai riƙa ba da rabi, rabi ya zama bashi, ba ƙari. Wata 16 munka yi haka, bashi ya kai jika 80. Ba zan ɓoye muku ba, na ji nauyinsa. Wata shekara rabin takin da na saba na zuba. Da anka buɗe iyaka, ya riƙa ɗora jika 5 kowane wata, har ya biya 60. Ya yi mini yaɓen katanga, munka cire 10. Ranar sunan ɗansa na yafe 10 da sunka rage.

Na biyu yana da shago, ciniki yana tafiya. Wata 3 bai ba ni komi ba. Kullum "gobe, Baba". Wata safiya na ga ya shigo da sabon babur. Raina ya ɓaci. Na shiga ɗaki na ɗauko guduma.

Matata tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ce: "Malam, ina za ka da guduma?"

Na ce: "Ƙyaurensa zan cire, ya san gidan nan da mai shi."

Ta ajiye rariya. Ta ce: "Shi yana shago. Matarsa ce a ɗaki, da ƴar jinjira. Ka manta wanda ya riƙe tabarma cikin ruwa?"

Na tsaya. Hannuna ya yi sanyi. Na maida guduma inda na ɗauko ta.

Amma zuciya ba ta kwanta ba. Na ce to, bari in ɗora mishi tara, dala 40 a rana, ai shi yana da shi. Maganar liman ta faɗo mini, na ture ta gefe. Haka mutum yake. Hukuncin da ya yi mishi daɗi yana ɗan haya, sai ya yi mishi ɗaci in ya zama mai gida.

Abin da ɗan ƙanwata ya gaya mini

Ɗan ƙanwata ya yi karatun shari'a a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Ya zo hutu, na gaya mishi niyyata.

Ya ce: "Kawu, cikin takardar da kunka yi da shi akwai maganar tara?"

Na ce babu.

Ya ce: "To abin da ba ku shirya ba tun farko, ba ka da ikon ƙirƙiro shi yau kai kaɗai. Yarjejeniya ta mutum biyu ce."

Ya gaya mini a nan Nijar, tun ran 18 ga Afrilu 1996 anka kafa doka ta musamman a kan hayar gidaje, mai tsara abin da ke kan mai gida da abin da ke kan ɗan haya. Ya ce biyan haya ranar da anka shirya wajibi ne a kan ɗan haya. Amma mai gida ba ya fidda mutum da hannunsa. Cire ƙyaure, ko kwashe rufi, ko watsa kaya waje, duk ɗaukar doka a hannu ne. Alƙali ke ba da hukuncin tashi, ma'aikacin shari'a da ake ce ma wisiye shi ke kai takarda ya zartar. Ya ce kuma akwai dokar OHADA, wadda ƙasashen Afirka 17 sunka yi tarayya a kanta, har da Nijar. Ta ba alƙali ikon duba halin wanda ake bi da bukatar mai bi. Yana iya jinkirta biya, ko ya rarraba shi, amma kada ya wuce shekara 1.

Na ce: "To ƙasashen Turawa fa, da ba ruwansu da maganar riba? Ai su suna ɗora tara yadda sunka so."

Ya yi dariya, ya ce ba haka ba ne. Ya ba ni misali 3.

A Faransa, dokar haya ta 1989, wadda anka gyara a 2014, ta hana mai gida ɗora tara a kan ɗan hayar gidan zama. Ko an rubuta ta cikin takarda, ba ta aiki.

A Ingila, dokar 2019 ta ce ba a ɗora komi sai kuɗin sun makara kwana 14, kuma sai in an rubuta cikin yarjejeniya. Ƙarin ba ya wuce kashi 3 cikin 100 a shekara, a bisa ma'aunin babban bankin ƙasar. Ya ce in da hayata ta jika 5 ce, ƙarin wata guda ba zai kai dala 10 ba.

A jihar Niyok ta Amurka, dokar 2019 ta ce sai an wuce kwana 5. Tara kuma ba ta wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin wata, ko dalar Amurka 50, wanda ya fi ƙanƙanta. Kashi 5 cikin 100 na jika 5, dala 50 ke nan tamu, wato 250 F. Ni kuwa jika 3 anka nema gare ni a wata guda. Ninki 12 ke nan.

Ya ce: "Ka gani, Kawu? Wasu sun hana ta ɗungum. Waɗanda sunka yarda da ita sun sa mata linzami: kwanakin saurarawa, da iyakar da ba a wucewa. Don sun san mai gida ya fi ɗan haya ƙarfi, in an sake mishi, sai ya wuce gona da iri."

Na bar maganar tara. Na bi hanyar da ya nuna mini. Na rubuta ma mutumin takarda da kwanan wata, na ba shi kwana 15, gaban shaidu 2. Bai biya ba. Na kai shi wurin mai unguwa, ya yi alkawari, ya saɓa. Na je komisariya, sunka ce mini maganar bashi ce, gidan shari'a za ni. Na je, anka nuna mini ofishin wisiye. Ranar da takardar wisiye ta shiga hannunsa, a ranar ya zo. Lokacin bashi ya kai jika 40. Ya biya 20, na riƙe 10 na ajiyarsa, ya kwashe kayansa ya tashi. Jika 10 sun bi ruwa, ga kuɗin da na biya wisiye.

Wani zai ce na yi hasara. Na yi. Bin hanya yana da tsada, yana cin lokaci. Amma da na cire ƙyauren nan, da ni mai gaskiya na koma mai laifi. Da kuma wata yarinya ta kwana cikin sanyi saboda laifin ubanta.

Abin da nake rubutawa yanzu

Rigakafi ya fi magani. Yanzu duk wanda zai shiga ɗakina, sai mun zauna da shaidu 2, mun rubuta waɗannan. Kowa ya riƙe takarda guda.

1. Kuɗin ɗaki nawa ne a wata, da ranar biya.
2. Nawa anka ba da gaba, nawa ne na ajiya, da yadda za a maida su ranar tashi.
3. Wa ke karɓar kuɗi. In wakili ne, a rubuta sunansa, ɗan haya kuma ya san mai gida ido da ido.
4. Kowane biya da takardar shaidarsa, mai kwanan wata da sa hannu.
5. Kwanakin saurarawa bayan ranar biya. Ni kwana 10 nake ba da.
6. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya zo ya faɗi kafin ranar. A rubuta yadda zai biya kaɗan-kaɗan, ba ƙari.
7. Wanda ya yi wata 2 bai biya ba, bai kuma zo ya yi magana ba, za a kai shi wurin mai unguwa. In abin ya faskara, sai gidan shari'a.
8. Mai gida ba zai taɓa ƙyaure ko rufi ko kayan ɗan haya ba.

Ba doka ba ce na kafa ma kowa. Abin da wahala ta koya mini ne. Tun da na fara haka, rigima ta ragu a gidana, don kowa ya san inda ya tsaya.

Ɗan uwana mai shirin tafiya cin rani, ga tawa shawara. Ranar da za ka shiga ɗaki ita ce ranar tambaya, ba ranar da ka makara ba. In an ce maka akwai tara, ka ce nawa ce, daga yaushe, ina iyakarta. In ta fi ƙarfinka, ko zuciyarka ba ta yarda da ita ba, nemi wani ɗaki tun kuɗinka suna aljihunka. Kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta maka ba. In ka samu kuɗi, fara da na ɗaki, don wataƙila wata tsohuwa tana can tana jiran su ta sayi tiyar hatsi. In kuwa ba ka samu ba, kada ka ɓuya. Je ka da ƙafarka ka faɗi gaskiya.

Kai kuma mai gida, haƙƙinka haƙƙinka ne, ba wanda ya ce ka bar shi. Amma ka duba wanda ke gabanka: marashi ne ko mai taurin bashi? Marashi a saurara mishi, a rubuta. Mai taurin bashi a bi shi ta hanyar hukuma. Ba ɗayansu da guduma ke gyarawa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mai karɓa yau, gobe shi ne mai ba da haƙuri.

Inna mai ɗaki 4 ta rasu da jimawa, Allah ya jiƙanta. Gudumar nan tana nan rataye a zaurena. Ƙusa nake bugawa da ita.

Wanda ya karanta, ya karanta ma wanda bai iya ba. Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.